Hutun Dogo da Gajere

Ranar da Likita ta ɗora kwalaben nan biyu a kan tebur, ta tambayi wanda zai riƙe wa Gwaggo maganinta a gida, ya ba ta a kan lokaci, ya kuma riƙa sa hannu a kati. Kafin ta rufe baki na ce ni ne. Har na ƙara da cewa a jami'a nake koyarwa, kuma wannan fannin nawa ne, don kada ta ɗauka da gama-garin mutane take magana.

"To, kin yi sa'a, Mama," in ji Likita. "Ba kowa ke da masani a gida ba."

Gwaggo ta kalle ni ta gefen ido ta ce, "Ai Farfesa ne."

Ni ba farfesa ba ne. Tun ina aji uku na firamare ta laƙaba mini sunan, saboda iyayina.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Ita ta goya ni, kuma ita ke riƙe da gidanmu har zuwa lokacin da nake ba da labarinsa. Ita ke juya Baba a gado tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ita ke ba shi abinci a baki. Ita ke rainon 'yan biyunmu idan matata ta tafi makarantar da take koyarwa. Ko Yaya, da yake da nasa gidan a bayan garejinsa, a wurinta yake cin abincin rana.

Wani baƙin tabo ne ya fito mata a tafin ƙafa. Ta shekara tana cewa ƙusa ta taka, ni kuma na shekara ban ce ta ɗaga ƙafar in gani ba. Da aka zo aka yanke, ciwon ya riga ya haura. Kaluluwa ta fito mata a matsematsi kamar ƙwan kaza, hoto kuma ya nuna ɗigo biyu a huhu. Sankarar fata ce, wadda likitoci ke kira melanoma.

Likita ta fara yi mata bayanin maganin, sai na karɓe zancen daga bakinta.

"Gwaggo, jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne, ido ba ya ganinsu. A cikin kowace ɗaya akwai 'yan aike a jere. Idan jiki yana son ƙwayar ta hayayyafa, sai ya aiko da saƙo bakin ƙofa. Na farko ya faɗa wa na biyu, na biyu ya faɗa wa na uku, har saƙon ya isa can ƙurya. Da ya isa, kowa ya yi shiru. To a naki ciwon, ɗaya daga cikinsu ne ya lalace. Ba wanda ya aike shi, amma ya buɗe baki yana ta ihu: a hayayyafa, a hayayyafa."

"Kamar yayanka idan ya ji yunwa," in ji Gwaggo.

Likita ta yi dariya. Ta ce an gwada naman da aka yanka, an ga irin lalacewar nan ce, kuma ba kowa ake samun ta a ciwonsa ba. Shi ya sa Gwaggo ta samu shiga shirin asibitin na ba da sabon maganin. Ta ɗaga kwalba ta farko, mai dogayen kafso. Wannan ne zai rufe bakin mai ihun, biyu da safe, biyu da yamma. Ta ɗaga ta biyu, mai ƙananan ƙwayoyi. Wannan kuma zai tare ɗan aiken da ke bi masa, domin idan an toshe wuri ɗaya kaɗai, saƙon yakan nemi ɓarauniyar hanya. Guda ɗaya a rana, kuma a firiji ake ajiye shi.

"Dogo da Gajere ke nan," in ji Gwaggo. Sunan ya zauna musu daga ranar.

Da muka miƙe, Likita ta rubuta lambarta a bayan katin. "Yana kawo zazzaɓi. Idan ya zo, ku kira ni. Ni zan ce a rage ko a dakata. Kada ku yanke hukunci da kanku."

Na gyaɗa kai irin na wanda ake faɗa wa abin da ya riga ya sani.

Mako uku na farko abin kamar almara. Kullum ƙarfe shida na safe zan danna murfin kwalba in murɗa, don irin murfin nan ne da yara ba sa iya buɗewa, in zuba mata a tafin hannu, in yi alama a kati. Kaluluwar ta fara saɓewa. A rana ta ashirin Gwaggo ta fito daga banɗaki tana tafa hannu, ta ce ta laluba ta laluba ba ta ji komai ba. Ta kama hannuwan 'yan biyu tana juyi da su a tsakar falo. Baba yana kallo daga ƙofar ɗakinsa, rabin bakinsa yana dariya. Washegari na ba ɗalibaina labarin a aji, ba tare da na faɗi ko wace ce ba, har suka tafa mini kamar ni na ƙirƙiro maganin.

A mako na huɗu zazzaɓin ya zo. Na dawo daga aiki na tarar da ita ƙudundune cikin bargo biyu, haƙoranta suna haɗuwa. 'Yan biyu sun zubar da sukari a ƙasa suna lasa. Baba ya ɓata shimfiɗarsa tun hantsi ba wanda ya canza masa.

Kwana uku gidan ya tsaya cik. Matata ta nemi izini a makaranta, shugabar ta ba ta da ƙyar. Na gwada ba Baba abinci, ya datse haƙora ya juyar da kai. Yaya ya zo da rana, ya buɗe tukunya, ya rufe, ya tsaya cirko-cirko kamar baƙo.

Na ɗauko katin, na juya bayansa, na kalli lambar Likita. Na san idan na kira, abu ne mai sauƙi ta ce a kawo ta a kwantar da ita kwana biyar ko mako guda. Na mayar da katin aljihu.

Da yammacin rana ta uku matata ta same ni a kicin ina fama da wanke-wanke.

"Baban 'yan biyu, ran Litinin masu duba makarantu za su zo. Idan ban je ba, wallahi sai dai in nemi wani aikin."

"To ya kike so in yi?"

"Ni ban ce ka yi komai ba. Kai ne masani. Kawai na lura da ta sha maganin nan take kwanciya."

A lokacin na tuna da wata takarda da na taɓa karantawa, ta wani gwaji da aka yi a kan ɓeraye. An ga cewa ƙwayoyin ciwon da suka saba da maganin sukan dogara da shi, idan aka janye shi na ɗan lokaci sai su raunana. Masu binciken suka ce wataƙila hutu tsakanin magani ya jinkirta ranar da ciwon zai fi ƙarfinsa. Ɓeraye ne, kuma sun ce wataƙila. Na san da haka sarai. Na kuma san an zo an gwada a kan mutane daga baya, don na taɓa ganin kan takardar ta biyu a kwamfutata. Ban buɗe ta ba a ranar, ban kuma buɗe ta ba a watannin da suka biyo baya.

Ran Asabar da safe ban kai mata magani ba. Ran Lahadi zazzaɓin ya sauka. Ran Litinin ƙarfe shida na ji ƙarar tukwane a kicin, da ƙamshin shayi, da muryar Gwaggo tana yi wa Baba tsiya a kan gemunsa. Matata ta fita da fara'a. Ni ma wallahi daɗi na ji, kuma wannan daɗin ne nake jin kunyarsa fiye da komai.

Tana zuba mini shayi ta ce, "Farfesa, kwana uku Dogo da Gajere ba su zo gaishe ni ba."

"Hutu suke yi, Gwaggo. An gano hutu yana ƙara musu ƙarfi."

"Likitarmu ce ta faɗa?"

"Masana ne suka faɗa."

Ta ɗan tsaya da butar a hannu tana kallona. Sannan ta ce, "To, Allah ya ba su hutu lafiya," ta juya ga aikinta.

Saura kati. Asibitin yana ƙirga abin da ya rage a kwalba duk wata, don haka na ciro na kwana ukun na zuba a ambulan, na yi alama a kowane gida na katin, na sa hannu. Ambulan ɗin na kai ofis na jefa a durowa. Na ce wa kaina zan mayar da su idan abubuwa suka lafa. Ofishina yana hawa na sama, rana tana dukan sa tun safe. Na san abin da zafi yake yi wa Gajere.

Ran Talata na koma ba ta. Bayan kwana goma zazzaɓin ya dawo, ya kuma dace da makon da 'yan biyu suka kamu da tari. Wannan karon ba a ma yi dogon zance ba. Daga nan sai abin ya zama tsari. Matata takan ce, "Gobe muna da taron iyaye," ta ci gaba da ninke kaya, ni kuma in fahimta. Ni ma da na samu gayyatar gabatar da takarda a wani taro, na duba kalanda na ba Dogo da Gajere hutun kwana biyar, don kada a kira ni a waya ana cewa gida ya rikice. Kan takardar tawa kuwa, yadda ake toshe hanyoyin saƙo a ƙwayoyin sankarar fata. An yi mini tambayoyi da yawa, na amsa duka.

Yaya ya gano abin da kansa, ya ga kwana biyu ban nufi firiji ba. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Ai ka kyauta, Auta. Ita ma ta fi jin daɗi idan tana tsaye. Inji idan aka ajiye shi tsatsa yake yi. Kwanciya ce ke kashe tsoho." Ya ja faranti ya zauna.

Kowa a gidan yana da nasa dalilin, kuma kowanne idan ka ji shi, sai ka ce mai tausayi ne. Matata takan ce ba ta iya kallon Gwaggo tana rawar ɗari. Yaya yakan ce magungunan zamani sun fi ciwon illa. Ni kuwa nawa dalilin yana da lambar shafi da sunan mujalla, shi ya sa sauran suka jingina da shi.

Mutum ɗaya ne bai yarda ba, shi kuma ba ya iya magana. Gadon Baba yana kallon firiji idan ƙofa tana buɗe. Duk safiyar da na wuce ban buɗe ba, sai ya fara dukan katifa da hannunsa mai lafiya. Wata rana na shiga na ce, "Baba, me kake so? Ruwa?" Ya kafe ni da ido, ya yi ta kokawa da harshensa har yawu ya zubo. Da ƙyar ya fitar da kalma biyu.

"Ba... ta."

Na goge masa baki, na ce masa to. Da zan fita na jawo ƙofar. Daga ranar a rufe nake barin ta da safe, na ce wa mutanen gida iska tana damun sa.

A wata na huɗu na dawo gida da rana ba zato, na manta da wasu takardun jarrabawa. Na tarar da Gwaggo a durƙushe gaban firiji. Ta sa kwalbar Gajere tsakanin gwiwoyinta, tana ƙoƙarin ɓanɓare murfin da bakin cokali. Yatsunta sun kumbura saboda ciwon gaɓoɓi, ba ta iya dannawa da murɗawa a lokaci ɗaya. Da ta gan ni sai ta ɓoye cokalin a bayanta kamar yarinyar da aka kama tana satar madara.

"Goge firijin nake yi," ta ce.

A gidan da ta shekara arba'in tana yi wa hidima, ita ce take jin kunyar an kama ta tana neman maganinta. Na karɓi kwalbar a hankali. Na ce mata haɗari ne a sha ba bisa tsari ba. Sannan na tura kwalbar can bayan hawa na sama na firijin, na ce saboda 'yan biyu.

A wata na biyar kaluluwar ta dawo. Ba ta faɗa ba, ɗingishinta ne ya faɗa. Ta fara jawo kujera gaban murhu tana girki a zaune. Wasu ƙananan baƙaƙen ƙuraje suka fito mata a ƙwauri, a jere, suna haurawa. Na tsorata, na koma ba ta magani kullum ba fashi, har da sa ƙararrawa a waya. Zazzaɓi ya zo, amma kaluluwar ba ta saɓe ba. Na san ma'anar wannan. Shafi goma sha biyu na rubuta a kai a littafin da nake raba wa ɗalibai: idan aka ɗaga wa ciwon ƙafa ya numfasa, ƙwayoyin da suka iya kauce wa maganin su ne suke yaɗuwa, su buɗe sabuwar hanya da Dogo da Gajere ba su san ta ba.

Sai tari. Tari busasshe da yake tsayar da ita a tsakiyar magana. Duk da haka ba wanda ya karɓi cokalin Baba daga hannunta. Matata ta saya mata zuma. Yaya ya ɗaure wa kujerar girkin tayoyi huɗu, don ta riƙa turawa daga murhu zuwa wurin wanke-wanke ba sai ta miƙe ba. Ya yi alfahari da aikin nan sosai, har ya kira maƙwabci ya gani.

Ranar da ta juya Baba, ta kasa miƙewa daga bakin gadon har matata ta dawo daga makaranta, ranar muka yarda lokacin komawa asibiti ya yi, tun kafin ranar da aka ba mu.

Likita ta sa hoton a jikin fitila. Ba sai an yi mini bayani ba. Ɗigo biyun sun zama da yawa, kuma hanta ta shiga ciki. Ta karɓi katin daga hannuna, ta bi shi da biro gida-gida. Kowane gida da alamarsa, kowane shafi da sa hannuna.

"Ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba," ta ce. Ta cire tabarau ta murza idonta. "Yakan faru. Ciwon yakan samu wata hanyar ko da an sha kullum. Sai dai na sa rai za mu fi haka daɗewa. Zazzaɓi fa? Ba ku taɓa kira na ba."

"Kaɗan-kaɗan ne," na ce.

Yakan faru ko da an sha kullum. Na riƙe maganar nan da hannu biyu. Har yau ina komawa gare ta idan abin ya dame ni, kuma gaskiya ce, ba wanda zai iya rantsewa da ta sha duka da ta kai yau. Amma ni na hana a sani.

Likita ta jawo fayil ta fara rubutu. Sai Gwaggo ta yi gyaran murya daga keken da aka turo ta a kai.

"'Yar nan, me kike rubutawa?"

"Cewa maganin ya daina aiki a wata na biyar, Mama."

"Wa zai karanta?"

"Masu shirin. Suna haɗa na kowa da kowa, su ga ko maganin yana yi wa mutanenmu amfani, ko ya cancanci a ci gaba da kawo shi."

"To idan suka ga bai yi ba, sai su hana na bayana?"

Likita ta ce ba da mutum ɗaya ake yanke hukunci ba, amma kowane ɗaya ana lissafa shi, musamman da yake ba su da yawa.

"To kada ki rubuta haka," in ji Gwaggo. "Maganin bai yi laifi ba. Lokacin da nake sha, yana yi. Ba kullum na sha ba."

Likita ta ajiye biro, ta kalli katin, ta kalle ni. Na buɗe baki, amma Gwaggo ta riga ni.

"Shi bai sani ba. Yana ba ni, in ya juya baya in tofar. Zazzaɓin ne ba na so."

"Haba, Mama!" Muryar Likita ta tashi. "Haba! Kin san mutum nawa ke jiran wannan maganin? Ga ɗanki masani a gida, yana tashi da sassafe yana ba ki, ke kina tofarwa? Me ya hana ki faɗa masa? Me ya hana ku kira ni in rage miki?"

"Tsufa ne, 'yar nan. A yi haƙuri."

"Kamar kwana nawa?"

"Arba'in da uku."

Likita ta ɗago. "Kin tabbata? Ba kusan-kusan ba?"

"Ni da nake auna abincin mutum bakwai kullum, ban taɓa sa ya gaza ba? Arba'in da uku ne."

Likita ta soke layin farko. Ina zaune kusa, ina ganin hannunta. Ta rubuta cewa mara lafiya ta ƙi shan magani na kwana arba'in da uku ba tare da sanin mai kula da ita ba. Sannan ta juyo gare ni da tausayi ta ce, "Kada ka zargi kanka, Malam. Ka yi iya ƙoƙarinka."

Na ce, "Na gode, Likita."

Abin da na ce ke nan. Ina da baki, ina da ilimi, ina da shekara arba'in da ɗaya a duniya, na ce na gode.

Na turo ta a doguwar barandar asibitin. Sai da muka kai bakin mota ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ka yi sauri, Farfesa. Ƙarfe biyu ake juya babanku."

Na sauke ta a gida na wuce ofis. Na kulle ƙofa, na jawo durowa, na zazzage ambulan ɗin a kan tebur. Ban taɓa ƙirga su ba, ina dai zubawa ne in rufe. Na ware Gajere gefe ɗaya, na bi su da bakin biro ɗaya bayan ɗaya. Arba'in da uku. Na sake ƙirgawa, ko Allah zai sa ta yi kuskure ko da na guda ɗaya ne. Ba ta yi ba. Sannan na kunna kwamfuta na buɗe takardar nan ta biyu. Layi uku na farko sun ishe ni. A jikin mutane, masu hutu ciwon ya fi saurin dawo musu.

Ta ƙara mako bakwai. An gwada wani maganin na ƙarin ruwa, jikinta bai ɗauka ba. Makonni biyun ƙarshe a kwance ta yi su, a katifar da ta sa aka shimfiɗa mata a ɗakin Baba, don ta riƙa gaya wa matata inda za ta sa hannu idan za ta juya shi. Sau uku ina durƙusawa gabanta da niyyar in yi magana. Duk lokacin sai ta riga ni da wani zancen: a sayo sabulu, a yanke wa 'yan biyu farce, rigata ta ɓalle a maɓalli. Na gane ba za ta bar ni in sauke kayan a kanta ba. Ta ɗauki na kowa a gidan nan, wannan ɗaya ta bar mini.

Bayan rasuwarta da kwana tara na kai wa Likita ambulan ɗin. Na faɗa mata komai a tsaye. Ba ta ce in zauna ba. Ta ɗauko fayil ɗin, ta gyara layin, ta juyo da shi ta ce in sa hannu a ƙasa, tunda na iya sa hannu. Ba ta ƙara kallona ba har na fita.

A ranar da yamma muka zauna a falo, ni da matata da Yaya, don dole a san yadda za a yi da gidan. Na ɗauko takarda. Matata ta ce za ta roƙi a mayar da darussanta na safe, ta dawo ƙarfe ɗaya, ashe ma shugabar ta taɓa yi mata tayin haka. Yaya ya ce garejinsa ba ya cika kafin ƙarfe goma, zai iya zuwa ya yi wa Baba wanka ya juya shi. Ni kwana uku kawai nake da aji a mako, sauran ranakun ofis nake zama ina karanta jarida. 'Yan biyu kuwa akwai gidan raino a ƙarshen layinmu, kullum ta gabansa muke wucewa. Girki muka raba shi kwana bibbiyu. Baba ma, da aka ce ba ya cin abincin hannun kowa sai nata, yunwar yini ɗaya ta sa ya buɗe mini baki, duk da har yau bango yake kallo idan ina ba shi.

Da muka gama, Yaya ya miƙe yana miƙa ya ce, "Ka ga, ashe abin ba wuya."

Na duba agogo. Minti ashirin ya ɗauke mu.